Kitson da Aka Yi wa Ayashe

A wata 'yar unguwa ta Maguzawa da ke bayan Tafoki aka yi wata mata, Larai mai daddawa, wadda in ka ce mata sannu sai ta tsaya ta juya sannun ta ga ko da wani abu a ƙarƙashinta. Gajeriya ce mai ƙarfin damtse, idonta kullum a ɗan kanne kamar mai tsintar tsakuwa a cikin gero. Tun tana budurwa ta koyi dafa kalwa a wurin kakarta, kuma a kasuwannin da ke tsakanin Faskari da Ƙanƙara an san daddawarta ba ta da yashi. An kuma san ba a yi mata wasan banza. Mijinta Ɗanhausa, manomin dawa da auduga, mutum ne mai sanyin hali. In ta fara zarge-zargenta sai ya saɓa fartanya ya ce bari ya leƙa gona, ko da kuwa rani ne.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. Waɗanda suka san ƙuruciyarta sun ce in ana kiɗan kalangu ita ke fara shiga fili. Wabi ne ya mai da ta haka. Ta haihu ya koma, ta sake haihuwa ya koma, har ta daina ɗinka wa jariri riga kafin ya zo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Larai ta fara ganin hannun wani a cikin kowane abu: maƙwabciyar da ta yaba ƙibar yaro, baƙon da ya roƙi ruwa, har kazar da ta cika shiga ɗakinta.

Da ta sake samun ciki, tsohuwar ungozomar unguwar ta zaunar da ita ta ce, "Abin da ke ɗauke maki ɗiya, son da kike nuna masu shika bi. Wagga in ta zo, ki yi kamar ba ki damu da ita ba. Abin da ba a so, ba mai sace shi."

Aka haifi mace, aka sa mata Ayashe. Maƙeri ya ƙera ƙarau na baƙin ƙarfe aka sa mata a ƙafa, alamar 'yar wabi. Larai ta riƙe maganar tsohuwa da hannu biyu. Ba ta taɓa yi wa yarinyar lalle ba, ba kitson kirki sai kalaba biyu da ake yi a tsaye, ba ta taɓa kiranta ɗiyata ba. "Ke, wannan abar," shi ne sunanta a bakin uwar. Wanda duk ya kuskura ya ce yarinyar nan ta yi kyau, ranar sai ya ji abin da ya fi daddawa wari. Amma ba lomar da ta taɓa shiga bakin Ayashe ba tare da Larai ta ɗanɗana ta a ɓoye ba. Son da take yi wa yarinyar har tsoro yake ba ta. Kuma dabarar ta yi aiki, ko dai Larai ta yarda ta yi: Ayashe ta wuce yaye, ta yi famfara, ta tashi siririya mai shiru-shiru.

Sai shekarun kuɗin mai suka shigo. Rediyo ta cika ƙauye, samari suka tafi birni aikin gini, kwanon rufi ya fara ƙyalli a inda da sai jinka. Gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta, kyauta. Larai ta ce banza ba ta kai zomo kasuwa, wanda ya ba ka kyauta yau gobe zai zo karɓar abin da ya fi ta. Ba wanda ya saurare ta. Mai unguwa ya tara yara, duk wanda hannunsa ya zagaya kansa ya taɓa kunne aka ce ya isa. Hannun Ayashe ya taɓa. Abin da ya ɗan kwantar wa Larai da hankali shi ne makarantar ɗaki biyu ce a bakin unguwa, daga inda take dafa kalwa tana hango ƙofarta.

To, amma ƙaramar makarantar nan a aji uku ta tsaya. Mai son ci gaba sai ya tafi babbar firamare ta Mairuwa, kuma tafiyar ta fi ƙarfin ƙafar yaro kullum. Nan ne Ɗanhausa ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya kafe. Ya ce malamai sun ce yarinyar tana da kai, kuma ya riga ya yi magana da wani abokin cinikinsa na auduga a Mairuwa, za ta riƙa kwana a gidansa. Ran Lahadi ya kai ta a sabon kekensa, ran Juma'a ya ɗauko ta.

Ranar tafiyar farko Larai ba ta ko raka su bakin ƙofa ba. Tana tsugune gaban tukunya ta ɗaga murya, don masu saurare na ɓoye su ji, ta ce, "A tahi da ita, mu huta da cin tuwo." Ayashe ta hau bayan keke da ƙullin kayanta. Sai da ƙarar keken ta ɓace Larai ta ga ta bar kalwar ta kama.

Juma'ar farko yarinyar ta dawo kamar an tsamo ta daga rijiya. Ido ya faɗa, tuwo ma sai ta tsakura ta ture. Larai ta ji kamar ta ɗauke ta ta goya, amma abin da ya fito bakinta shi ne, "Boko bai koya maki cin abinci ba?" Ta ƙudura a ranta in aka sake mako guda haka, ko sama da ƙasa za su haɗu yarinyar ba ta komawa.

Sai abin ya juya, kuma juyawar ce ta fi tayar mata da hankali. Wata Juma'a Ayashe ta sauko daga keke da kitso a kanta, ƙanana, an ja su sumul kamar na 'yar birni.

"Wa ya yi maki wanga kitso?" in ji Larai.

"Yayata."

"Kina da wata yaya da ban haihwa ba?"

"Yaya Suwaibatu, 'yar aji shida. Ni ce ƙanwar ranarta. Iya Barakatu ta haɗa mu."

Larai ta san ƙanwar rana sarai. Ita ma tana yarinya ta yi yayar rana: babbar yarinya ta aiko wa ƙarama da goro, in ta karɓa shi ke nan, babbar ta riƙa yi mata kitso tana tsare mata faɗa, ƙaramar kuma ta riƙa yi mata 'yan aike. Amma wannan tsakanin 'yan unguwa ɗaya ake yi, waɗanda aka san iyayensu da kakanninsu. Wace ce za ta ga ɗiyar Maguzawa daga ƙauye, da ƙarfe a ƙafa, ta nema mata yaya? Me za ta ci a ciki?

"Wace ce Iya Barakatu?"

"Mai ɗanwake. Gindin tsamiya take zama, bakin makaranta."

Gindin tsamiya! Duk itatuwan Mairuwa matar nan ba ta ga na zama ba sai wanda kowa ya san gidan iskoki ne.

Daga nan kowace Juma'a da sabon abin da za ta gani. Yau lalle a tafin hannu, gobe kwalli. Kumatu suka fara fitowa. Yarinyar da ba ta magana ta koma tana 'yan waƙe-waƙe a bakin turmi, kuma ba ta buɗe baki sau biyu ba ta ce "Iya ta ce" ba. Iya ta ce a wanke hannu. Iya ta ce wanda aka yi wa dariya a aji yau, gobe shi zai koya wa wani. Rannan har Larai ta kama ta tana ɓoye ƙwallon daddawa a ƙullinta, wai za ta kai wa Iya. Shekara da shekaru tana ɓoye yarinyar nan a cikin tsumma da baƙar magana, ga wata can ta wanke ta ta ɗora a faifai kowa yana gani.

Ta faɗa wa Ɗanhausa. Ya ce, "Yarinya ta yi ƙiba, ke kau kina kuka?"

"Rago ma sai an kiwata shi ake yankawa," in ji ta. Ɗanhausa ya nemi fartanyarsa.

Ranar kasuwar Faskari ta shimfiɗa kayanta kusa da wata mai man gyaɗa 'yar Mairuwa, ta yi ta jan ta da hira har suka iso inda take so. Matar ta ce ai Barakatu ba wanda bai san ta ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Duk farkon shekara in 'yan ƙauye suka zo aji huɗu, sai ta yi ta kallonsu daga bakin tukunyarta, ta tsamo waɗanda ke raɓewa jikin bango ba sa wasa, ta haɗa kowanne da wani babba. Malamai ma sun saba, har sukan turo mata.

"Nata ɗiyan fa?" in ji Larai.

"Ba ta da ko ɗaya. Ta haihu dai, duk sun koma."

Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum. Mace ba ɗa ba jika, tana zaune gindin tsamiya tana ciyar da 'ya'yan mutane: ta cinye nata, ta dawo kan na wasu. Larai ta yanke hukunci mayya ce, ta kama kurwar Ayashe. Abin takaici, ko kaɗan ba ta tuna cewa a shekarun wabinta haka aka riƙa raɗa a kanta ita ma ba, har wasu suka daina aiko yara sayen daddawarta. Tsoro ba ya barin mutum ya yi irin wannan tunani.

Ran Laraba ta ɗora faifan daddawa a ka kamar mai zuwa talla, ta kama hanyar Mairuwa ba ta gaya wa kowa ba. Niyyarta biyu: ta sa matar nan ta tsallake yarinyar, yadda ake sa maye ya saki kurwar da ya kama, sannan ta tasa ɗiyarta gaba su koma gida, boko ya ci kansa.

Ta isa ana dab da tashi hutun ƙarfe tara. Ta laɓe bayan wani shingen kara tana leƙe. Ga tsamiyar, ga tukunya tana tururi, ga wata doguwar tsohuwa ramammiya tana jefa ɗanwake. Aka buga ƙarfe, yara suka fito kamar an buɗe akurki. Larai ta zuba ido ta ga inda za a barbaɗa magani. Ba ta ga an barbaɗa komai ba sai yaji. Ta ga tsohuwar ta kira wani ƙaton yaro ta nuna masa wani ƙarami da ke tsaye shi kaɗai yana tauna wuyan rigarsa, ƙaton ya je ya jawo shi cikin 'yan ƙwallo. Larai ta ce a ranta, wayo ne. Sai ga Ayashe ta fito riƙe da hannun wata yarinya mai tsawo, tana dariya har da kyakyatawa. Larai ba ta taɓa jin wannan dariyar ba. Ta ji daɗi, ta ji kishi, ta ji tsoro, duk a lokaci guda, tsoron kuma ya danne sauran.

Ta fito daga bayan shingen ta dire faifanta gaban tukunya, ko sallama babu. Ta damƙo hannun Ayashe.

"Ke ce Barakatu? Tashi ki tsallake ta."

Yaran da ke kusa suka daina wasa suka zuba ido. Kowane ɗan Bahaushe ya san ma'anar wannan magana. Tsohuwar ta dubi Larai, ta dubi ƙarfen ƙafar yarinyar, ba ta ko ajiye ludayinta ba. Ta ce, "Suwaibatu, ja ƙanwarki ku tahi ku wanke mani kwanonin ga a rijiya. Ku kuma ku ba mu wuri, baƙuwa na yi." Yara suka watse suna waiwaye. Larai ta rasa yadda aka yi ta saki hannun.

"Zauna, uwar Ayashe," in ji tsohuwar. "In tsallakewa za ta kwantar maki da rai, ni tsallake ta, ba ni da abin ɓoyo. Amma ba gaban yara ba. In na yi haka nan, gobe ba mai zama benci ɗaya da ita."

Larai ba ta zauna ba. Ta ce, "Mi kike nema wurin ɗiyar mutane? Ba ki ga ƙarhen ƙahwarta ba? Wa ya ce ki yi mata ado?"

"Na gan shi tun ranar da ta zo. Irin shi ukku na sa maƙeri ya ƙera." Ta juya ɗanwaken da ke tukunya. "Abin da aka hwaɗa maki, ni ma shi aka hwaɗa mani. Na bi, ban kauce ba. Na ƙarshen har ya isa kiwon awaki. Ban taɓa ce mashi ɗana ba, ban taɓa ɗora shi bisa cinya gaban mutane ba. Zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke shi duk da haka. Abin da ke cina har yau ba tahiyar ba ce, wannan ta Allah ce. Yaron ya tahi shina zaton ban son shi."

Duk da haka zargin bai saki Larai ba, ta ce a ranta mayu ma ai sun iya daɗin baki.

"Makon da ɗiyarki ta zo," in ji Barakatu, "can ta riƙa tsayawa, bayan ajin can, ba ta ci ba ta wasa. Yara na yi mata dariyar ƙarhen, suna ce mata akuyar ɗaure. Na ɗauka kewar gida ce, duk haka suke yi. Na ce mata yi haƙuri, Juma'a ta kusa, innarki na can na jiranki. Kin san mi ta ce mani?"

Larai ta girgiza kai.

"Ta ce, Inna ba ta jirana. Ta gaji da ni, shi ya sa aka kawo ni nan. Ta ce su huta da cin tuwo."

Sai a lokacin Larai ta zauna, a ƙasa, kusa da faifanta. Maganarta ce, kalma da kalma. Ta faɗe ta ne don mutuwa ta ji ta wuce. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai wani mai sauraron ba, yana zaune a bayan keke da ƙullin kaya a cinya. Shekara goma tana yaudarar abin da take tsoro, ashe wadda ta fi kowa yarda da yaudarar ita ce ɗiyarta.

"Kin hwaɗa mata dalili?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Na nema mata yaya, na cika mata ciki, iyakar abin da ni iya ke nan. Waccan maganar ba a bakina take ba. In ni na hwaɗa, ta ce lallashi ne."

Aka buga ƙarfen komawa aji. Larai ta hango Ayashe ta dawo daga rijiya da kwanoni, tana tafe tana satar kallonta irin kallon wanda ya san ya yi laifi amma bai san wane ba. Ta tashi ta karkaɗe zanenta. Ba ta ce a tsallake kowa ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba, don Larai ba ta iya wannan ba har ta tsufa. Ta dai sauke daddawar faifan gaba ɗaya a gefen tukunya, ta ce wa yarinyar, "Shiga aji." Ta kama hanyar Tafoki.

Kada a ce daga ranar ta zama wata mata daban. Har ƙarshen rayuwarta tana shinshina abin da aka ba ta kafin ta ci, kuma ko ɗanwaken Barakatu, da suka zama ƙawaye daga baya, sai ta ɗan jira ta ga wani ya fara kai loma. Ƙarfen ma ba ta yarda an cire ba sai da ƙafar ta yi masa girma. Abu ɗaya ne ya canza, kuma a Juma'ar makon nan ya faru.

Da la'asar Ɗanhausa ya sauke yarinyar. Larai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce, "Zo nan, kitson ga ya tsufa." Ayashe ta zo a ɗarare ta zauna tsakanin ƙafafunta. Larai ta tsefe kan, ta shafa man shanu, ta fara kitsawa. Hannun da ya saba da muciya da kalwa bai iya ƙananan kitso ba, layin ya yi ta karkacewa. Ta dubi bakin ƙofa, ta dubi kan danga, ta dubi bishiyar kukar da ke bayan gida. Sannan ta sunkuya daidai kunnen yarinyar.

"Duk abin da kika ji ina hwaɗi, ba da ke nike ba. Tsoro nike kar a ɗauke mani ke kamar sauran. Ban gaji da ke ba, ɗiyata. Tun ranar Lahadi nike jiran Juma'a."

Yarinyar ba ta motsa ba. Can sai kafaɗunta suka fara rawa. Ba ta juyo ba ta ce, "Inna, ban ji ba. Sake hwaɗi."

Ta ji sarai, Larai ma ta san ta ji. Larai ta sake duban kukar nan. Ta ɗaga kai ta sake faɗa, wannan karon da irin muryar da take kiran masu saye a kasuwa, har Ɗanhausa da ke goge keke ya tsaya cak, duk wani mai saurare kuma, na fili da na ɓoye, ya ji.